Shekarar da Jini Ya Ƙi Tsayawa

Ku da kuke aski da inji, kuna danna shi yana ta kuka a kan mutum, kun ɗauka wanzanci ke nan: a sauke gashi, a karkaɗe wuya, na gaba ya zauna. Ina jin ku kuna cewa, "Ai aikin su Baba ba wuya, aska ɗaya ce da ruwan sabulu." To, ku gyara zama. Gashi shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin wannan sana'a. Aikin wanzami jini ne, ya san inda zai fitar da shi, ya kuma san yadda zai tsayar da shi. Na biyun ne mai wuyar koyo, kuma shi ne ya kusa raba ni da zabirata.

A Tambuwal aka haife ni, gidanmu gidan wanzamai ne kaka da kakanni. Mahaifina bai bar ni na taɓa kan mutum ba sai da na gaji da kankare bayan ƙwarya, yana tsaye yana duba ko na ji mata ciwo. Cikin zabirarsa, wato jakar fatar da muke rataya, akwai asake, da dutsen washi, da ƙahonin shanu da aka fafe aka huda tsininsu, da 'yar tsaga, da ɗan awartakin cire haƙori, da ƙullin garin bagaruwa. Wannan ƙullin ya fi komai daraja a wurinsa. Yakan manta hularsa a gida, amma ban taɓa ganin ya manta shi ba.

Ƙahon farko da na kafa, a bayan wani mai jaki ne da ya zo da ciwon kafaɗa. Na wanke wurin, na kafa ƙaho, na zuƙe iskar, na toshe tsinin, na jira fata ta taso. Na cire na tsattsaga, na mayar. Ina ta kallon fuskar mutumin ko yana jin zafi, sai na ji rankwashi a ka. Mahaifina ya ce, "Jinin kaka dubi, ba mutumin ba. Mutum na yi maka ƙarya, jini ba shi yi." Da aka cire ƙahon ya juye shi a kan rairayi, jinin ya fito a dunƙule, baƙi, kamar yankin hanta. Shi ne abin da mutane ke son gani, su ce mataccen jini ya fita. Ya barbaɗa bagaruwa a kan tsagar, ya danna da babban yatsa. Kafin mai jakin ya gama sa riga komai ya tsaya. Haka na saba gani shekara da shekaru, har na ɗauka jini ba ya da wani hali sai wannan.

Lokacin da kuɗin mai ya shigo, aka ba mu jiharmu, mahaifina ya riga ya rasu, ni ke riƙe da gidajen da yake yi wa wanzanci. Kowa ya samu abin hannu. Ni ma na ajiye keke na sayi babur, ranar kasuwa in nufi Kebbe, hanyar tana karkaɗa mini hanji. Kantunan magani suka buɗe ko'ina, ƙwayoyi har a kan tire ana tallansu kusa da goro. Ban ɗauke su abokan gaba ba. Mai ciwon kai ya sha ƙwayarsa, in jikinsa ya yi nauyi ya zo gare ni.

Babban gidan da na gada a Kebbe shi ne gidan Malam Sahabi. Malami ne mai zaure, ɗalibansa magidanta ne, teloli da manoma da 'yan kasuwa, masu zuwa ɗaukar karatu da hantsi da bayan la'asar. Mutum ne mai barkwanci, in ya gan ni sai ya ce, "Ga Sarkin Aska wanda babu wanda yan naɗa shi." Ɗaliban nan kuwa, abin da Malam ya yi shi suke yi. In ya karkata rawani, mako mai zuwa duk zauren rawani a karkace yake. Duk shekara in zafi ya kama, Malam yakan tuɓe riga a zaure in yi masa ƙaho a kafaɗu da ƙeya, ɗalibai suna kallo. Yana tashi su jeru. Daga ranar gadon bayan mutanen Kebbe ya zama nawa har damina ta faɗi. Abincin gidana na shekara a bayan Malam Sahabi yake farawa.

Sai ciwo ya same shi. Ƙishirwa ba dare ba rana, yawan zagayawa, rama, sannan in ya taka zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafe ƙirji. Babban ɗansa Bello, wanda ke aikin gwamnati a Sakkwato, ya zo da mota ya tafi da shi. Can aka ce ciwon suga ne. Likitan ya hana shi zuma da shayi mai zaƙi, ya ba shi magunguna, ya kuma ce masu irin wannan ciwo jininsu kan daskare ya toshe hanyar zuciya, shi kuwa tasa ta riga ta fara gargaɗi. Don haka ya ce kullum bayan karin kumallo ya ɓalli ɗan guntun asfirin ya haɗiye.

Duk wannan daga baya na sani. Ni dai na ga Malam ya dawo ya rame. Abin da ɗalibai suka gani kuwa, Malam yana ɓalle farar ƙwaya da farce yana korawa da kunu. Suka tambaya, ya ce musu, "Likita yac ce tana tsinka jini, ta tsare zuciya." Shi ke nan. Asfirin kowa ya san ta, ta ciwon kai ce, ga araha, ga ta a bakin kasuwa. Suka ce in guntu ya ishi Malam da ya tsufa, mai ƙarfi sai guda biyu. Wani safe da yamma, wani cikinsa babu komai. Ba su da suga, ba su da ciwon ƙirji, albarkar Malam suke nema. Ba kuma wanda zai zauna gaban wanzami ya ce masa ga abin da na haɗiya yau.

Haƙorin Ɗanjuma tela ne ya fara nuna mini. Ɗalibin Malam ne, mutum mai surutu, ya zo da kunci a kumbure, turmin haƙorinsa ya ruɓe yana girgiɗi. Irin wannan ko ido a rufe ina cire shi. Na kama da awartaki, na murɗa, ya fito salin alin. Na cusa auduga da bagaruwa na ce ya cije. Ya cije, audugar ta jiƙe. Na sake wata, ita ma ta jiƙe. Tun hantsi muke abu ɗaya har aka kira azahar, yana tofarwa ƙasa tana yin ja, mutanen kasuwa sun zagaye mu. Na karanta duk addu'ar tsayar da jini da mahaifina ya bar mini, na danna har yatsana ya mutu. Da kyar ya lafa wajen la'asar, aka kama shi aka kai gida yana jiri.

Na ce tsautsayi ne. Mako na gaba wani manomi daga zauren ya zo ƙaho. Na cire ƙahon na juye, babu dunƙule, jini ne tsararo ya malale rairayi ya shanye. Tsagar kuwa sai zuba take, ta wanke bagaruwar, ta bi gadon bayansa har wando. Bayansa wani, bayan wannan wani. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Fulanin da ke shigowa kasuwa da shanu, in na yi musu, jininsu lafiya lau, ya dunƙule ya tsaya. Sai na 'yan gari. Na ce lalle wani a cikin garin nan ne ya sa ni gaba.

Mutane ma haka suka ce, sai dai su ba tausayina suka ji ba. Wasu suka ce an karya mini hannu. Wasu suka ce dama tsohona bai ba ni laƙanin duka ba, ya tafi da na tsayar da jini kabari. Mata suka daina yarda a kira ni askin suna, wa zai miƙa jaririnsa ga wanda jini ba ya jin maganarsa? Aka koma ɗauko wani wanzami daga ƙauye. Na canja asake, na yi sadaka, na sha rubutu har cikina ya gaji. Labari ya bi motocin kasuwa ya iso Tambuwal, nan ma aka fara kauce mini. Sai in wuni a gindin bishiya da zabira a gefe, mutumin da na yi wa kaciya da hannuna ya wuce ya yi kamar yana duban wani abu can nesa. Wannan ita ce muguwar shekarata, ban taɓa jin baƙin ciki irin nata ba. Zafi kuma yana matsowa, lokacin ƙahon Malam, ni kuwa tsoron ranar nake. In jinin Malam Sahabi ya ƙi tsayawa a hannuna gaban ɗalibansa, ba sana'a kaɗai ba, garin ma sai na bar shi.

Kan Garba disfensa nake askewa a Tambuwal ranar da abin ya warware. Shi ke ba da magani a ɗakin shan magani na garinmu, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ba su guje ni ba. Ina cikin aski ya ce, "Wanzam, mi ka faruwa Kebbe? An kawo man mutum yana aman jini, wani kuma bayan gidanai baƙi ƙirin. Da nit tsananta tambaya sai sunka ce asfirin suka sha kullum, wai Malaminsu na sha." Na tsaya da aska a sama. Na ba shi labarin haƙorin Ɗanjuma da na Fulani. Ya juyo da rabin kai a aske ya ce, "To ai ga shi nan. Hannunka lahiya lau yake. Wagga ƙwaya aikinta ke nan, ta hana jini daskarewa. Cikin jijiya ta hana, bakin tsaga ma ta hana, ba ta san bambanci ba."

Na ce to guba ce ke nan. Ya ce a'a. "Ga Malam, mai suga, ga shekaru, ga ƙirji na riƙe shi, likita ya auna ya ga amfaninta ya hi ɓarnarta. Su waɗancan lahiyayyu ba abin da taka tsare musu, sai dai ta ci musu ciki. Ka gaya musu su bari. Shi kuwa Malam kada shi bari sai likitan da yab ba shi ya ce. Ƙahon ne za shi haƙura da shi, dama mai suga ba a son a tsaga mai jiki, miki na daɗewa gare su."

Murnar da na yi ranar ba ta faɗuwa. Ban jira ranar kasuwa ba, washegari na hau babur. Na iske zauren cike, ana karatun hantsi. Na jira aka shafa, na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ina da magana, kuma gaban kowa nika son in yi ta." A gabansu aka ɓata ni, a gabansu nake son a wanke ni. Na faɗi duk abin da Garba ya ce, ban rage ba. Malam ya dubi ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Wa yac ce ku sha? In kun ga ina ɗingishi ku ma sai ku karya ƙahwa? Daga yau kada in sake jin ta bakin kowa." Ɗanjuma ya sunkuyar da kai.

Sai na ce, "Saura guda, Malam. Bana sai a haƙura da ƙaho. Kai kam an ce kada ka bar ƙwayar."

Ya shafa gemu. Ya ce, "Ubanka ya yi man ƙaho tun ban da wanga gemu. Yanzu mutanen garinga sun ɓata sunan gidanku saboda abin da sunka gani gare ni. Magana ba ta wanke ka, Wanzam. Gobe za su ce ko Malam bai yarda ya ba shi baya ba. Sai sun gani da idonsu."

Na ce, "Malam, disfensa ya ja kunnena."

Ya ce, "Ƙaho mun san shi cikin littattafai, ƙwaya jiya taz zo. In ba su zama ɗaki guda, baƙo shi ka ba da wuri. Ɗan lokaci na. In anka gama sai in koma mata."

Ku da ba ku taɓa durƙusawa gaban irin waɗannan mutane ba, za ku ce me ya hana in ƙi. Na ƙi sau biyu a zauren nan, abin da ko 'ya'yan cikinsa ba su yi. Na uku ba a yin shi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son ranar ta zo.

Ya bar ƙwayar, da jikinsa ya huta da ita ya aiko aka kira ni. Ban taɓa ganin zauren ya cika haka ba, har waje mutane suna leƙe, wasu sun zo ne su ga faɗuwata. Malam ya tuɓe riga, ƙasusuwan bayansa duk a waje. Na zaɓi ƙananan ƙahoni, na yi tsagar sama-sama yadda ban taɓa yi wa babban mutum ba. Na cire na farko na juye a kan rairayi. Ya faɗo a dunƙule, baƙi. Na barbaɗa bagaruwa na danna, na ɗaga yatsa, babu ko ɗigo. Wani daga baya ya yi kabbara, zauren ya ɗauka. Malam ya ce, "To, ga wanda anka ce an karya ma hannu." Kafin ya mayar da riga an jeru har ƙofar gida. Ranar sai da bakina ya yi ciwo saboda zuƙar ƙaho.

Aiki ya dawo, ya ma fi da. Ɗalibai sun bar ƙwaya, ba wanda aka sake kai wa Garba yana aman jini. Matan da suka guje ni suka dawo da jariransu. Tsagar Malam ta daɗe ba ta kame ba, ina zuwa ina dubawa, a ƙarshe ta warke. Ranar da na ga ta warke na ce, "Malam, sai a koma ga ƙwaya." Ya ce tun da aka yi ƙahon nan jikinsa wasai yake jin shi, bari a ɗan ƙara. Wani askin na sake tuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Sarkin Aska ya zama likita? Yi abin da ya kawo ka." Na aika wa Bello saƙo ta bakin wani direba, ban san ko ya isa ba. Damina ta faɗi, hanya ta lalace, zuwana Kebbe ya ragu.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Ba na nan, Ɗanjuma ne ya ba ni labari. Ana tsakiyar karatun hantsi Malam ya ajiye littafi, ya dafe ƙirji, zufa ta karyo masa, ya ce hannunsa na hagu ya yi nauyi. Aka kwantar da shi aka shiga neman mota. An kwana ana ruwa, rafi ya cinye hanya, motar da ke garin ba ta iya fita. Kafin azahar ya cika.

Na tambayi Garba, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah, da yana shan ta da bai mutu ba? Ya ce, "Ba ni rantse maka. Akwai masu sha kullum kuma ta kashe su, ƙwaya ba ta hana ajali. Amma don irin wagga rana anka ba shi ita." Ban sake yi wa kowa wannan tambayar ba. Tun daga shekarar dai ba na ɗora aska a jikin mutum sai na ce, me kake sha, wa ya ba ka, kana da suga? In ya ce likita ne ya ɗora shi a kan mai tsinka jini, in ce tashi ka tafi, kuma kada ka bar ta saboda ni. Wasu su yi fushi su tafi wurin wani. Su tafi.

Sai da ruwa ya janye na samu zuwa ta'aziyya. Na iske Bello a zaure, a inda mahaifinsa ke zama, ɗalibai kewaye da shi. Na yi gaisuwa na koma gefe. Can ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar asfirin, cike, ya ce a ɗakin Malam ya same ta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni dai tambaya nika yi. Yaushe Baba yab bar shan wagga, kuma mi yas sa?"

Kafin in buɗe baki Ɗanjuma ya karɓe, fuskarsa cike da jin daɗin zai faɗi alherin mutum. Ya nuna ni ya ce, "Ai Wanzam za ka gode ma, Yallaɓai. Shi yag gano ita ka ɓata muna jini, yaz zo har nan yah hwaɗi. Malam yab bar ta don a yi mai ƙaho, kowa ya ga hannun Wanzam lahiya yake. Ba don shi ba da duk mun ƙare." Zauren ya amsa, "Gaskiya ta, Allah shi saka mai."

Bello ya dube ni. Ya mayar da kwalbar aljihu, ya ce, "Allah shi saka."

Har ƙarfina ya ƙare ni ke yi wa gidan aski, ƙannensa da 'ya'yansu da jikoki, ba a taɓa yin suna an kira wani ba. Bello ya yi ritaya ya dawo Kebbe, muna gaisawa, in na yi rashi yana zuwa. Bai taɓa gaya mini magana marar daɗi ba. Bai kuma sake miƙo mini kansa ba.